Dabon da Ya Mai da Ni Maye

Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar gida, na ga jikokina sun haɗa kai wuri ɗaya kamar kaji a kan tsaba. Wayar ubansu ce a tsakiya. Na leƙa, sai na ga wasu 'yan tsana na ƙyalle masu manyan idanu suna buɗe baki suna rera waƙar wanke hannu, ana yi musu kiɗa daga inda ba a gani. Waƙar ba ta da laifi, 'yan tsanar ma an ɗinka su da kyau. Abin da ya tsaya mini a rai shirun yaran ne. Ba mai amsa waƙa, ba mai tashi ya taka, ba mai zagin mugun cikin labarin. Da wayar ta mutu sai kowa ya kama gabansa kamar ba a yi komai ba. Ba su san cewa tsohon nan da ke bisa buzu, mai wawulo a gefen baki da murya kamar ana jan tsohuwar ƙofa, ya taɓa tara yaran gari guda da icce da tsumma ba. Iyayensu mata sun ji wani abu dabam a kaina, amma shi wannan a raɗa ake faɗarsa, kuma yanzu an kusa mantawa.

Mu mutanen wajen Giwa Tazo ne, manoma gero da damina, masu albasa da rani. Lokacin da nake tashi kunne ne ke gaya wa mutum inda rana take. Kukan jigo a fadama, icce na gogar icce ana ɗebo ruwa daga rijiya, shi ne safiya. Luguden mata a turmi shi ne hantsi ya ɗaga. In ka ji jakai na haki suna hawowa da mangalar taki, to azahar ta kusa. Yau injin ban ruwa ya haɗiye duk wannan, ƙara ɗaya ce tun safe har yamma, da warin mai. Mu kuwa a duƙe muke wuni muna buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali da tafin hannu, ƙafa ta tsage, baya ya riƙe. Babanmu yakan ce albasa matar da ba ta yafe kwana ce, ka ƙi zuwa yau, gobe ta nuna maka. Sai an cire ta an jera a kan rudu tana shan iska sannan saurayi ke samun kansa. A wannan sararin ne ni da Yayana muke ɗaukar buhunmu mu shiga ƙauyuka da wasan dabo.

Wurin kawunmu na koya, ƙanen Inna, wanda ya yi yawon duniya ya dawo ba abin da ya kawo sai wannan. Dabo ba wani asiri ba ne, ko da yake mutane sun fi son su ce asiri ne. Babbar riga ce ake kafawa a kan sanduna ta zama kamar 'yar bukka, mai wasa ya shige ƙarƙashi ya kwanta rigingine, ya fiddo 'yan tsana ta wuyan rigar. Da gizago nake sassaƙa su daga iccen dashi don ba shi da nauyi, in shafa musu baƙin tukunya da jar ƙasa, in dasa musu 'ya'yan idon zakara a gurbin ido. Akwai Kura, akwai Sarkin Rowa da tumbinsa, akwai 'Yar Gwaggo mai jan kallabi da ɗan tulu a ka, wadda yara suka fi so. Muryarsu kuwa daga wata 'yar aba take fitowa, ɓallin ƙwarya biyu sirara da aka naɗe da zare. Sai ka liƙa ta a ganɗa, duk abin da ka faɗa ya fito siriri yana rawa, ba ya kama da na mutum. Kawu ya sha gaya mini: "Mai dabo kwance shika aiki kamar gawa, ba shi ganin wanda ke tsaye kanai. Ka riƙa saurare." Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

Yayana shi ne idona. Yana zaune a gefen riga da kalangu a hammata, yana kiɗa, yana hira da 'yan tsana, yana fassara wa yara abin da suka ce. Mutum ne mai faɗin ƙirji da dariya mai sauƙi, hannunsa na dama kuwa in ya kama makaɗi sai ka rantse fatar magana take. Ba mu yin wasa sai da rana, bayan la'asar, don na ƙanana ne, waɗanda ba su isa fita dandali ba. Da ya buga taken sai ka ga suna ɓullowa ta kowace kafa, wani ba wando, wata da ƙaninta a baya yana rinjayarta. 'Yar Gwaggo ta fito tana rangaji, Yaya ya tambaye ta da waƙa:

'Yar Gwaggo ina za ki da tulu?
Za ni gulbi, ruwan gida ya ƙare.

Sai Kura ta leƙo daga ɗaya gefen ta sassauta murya: "Taho mu tahi, taho mu tahi, na san hanya." Nan yara za su miƙe gaba ɗaya suna ihu, "Kar ki tahi." Wasu har da kuka, wasu su jefi Kura da tsakuwa, ni da ke ƙasa ina shan rabona. Ƙarshenta 'Yar Gwaggo ta rotsa wa Kura tulu a ka, ta bi ta da duka har wutsiyarta ta fita, yara na tsalle suna ƙirga mata bugun da tafi. Iyaye mata na leƙe ta saman danga suna dariya, a kawo mana gero ko ƙwai ko ƙwaryar fura. Haka muka zaga Katanga, muka taɓa Aliero ran kasuwa, muka sha ƙauyukan da ke tsakanin Maiyama da Jega.

Akwai wani ƙauye a cikinsu da ba zan kama sunansa ba, don jikokin mutanen suna nan, kuma ba su suka yi ba. Zuwanmu na farko an karɓe mu da kyau. Wani magidanci mai sanyin magana, manomi kamar mu, shi ya shimfiɗa mana tabarma a inuwar ƙofarsa ya kawo ruwa. Yana da 'yar ƙaramar yarinya mai giɓi, wadda ta zauna gaba-gaba har gwiwarta na taɓa rigar. Da aka tashi ta ƙi tafiya. Don in faranta mata sai na sake fiddo 'Yar Gwaggo, na sa ta shafi kumatunta da ɗan hannunta na icce. Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya ta ruga gida, uban na murmushi yana sa mana albarka.

Da muka sake biyowa bazara ta kama sosai, irin zafin da ke sa kare ya kwanta a bakin randa. Shekarar sanƙarau ce, ciwon da ke sandarar da wuyan yara, amma mu samari ba mu kawo komai a rai ba. Yaya ya buga take, yaran da suka fito ba su kai rabin na da ba, kuma ba mace ko ɗaya a saman danga. Ya ce mini, "Garin ga shiru yau." Na ce rana ce. Na shige ƙarƙashin riga, na liƙa abin muryata, muka fara.

Mun kai daidai inda Kura ke cewa taho mu tahi sai kalangu ya tsaya a tsakiyar bugu. Yaya bai taɓa yin haka ba. Na ji takun ƙafafu da yawa, na ji ya ce, "Lahiya, bayin Allah?" Amsar da na ji wani sauti ne kamar an fasa kabewa da dutse. Kafin in janye hannuna daga wuyan riga gora ta sauka a ƙaurina. Na kurma ihu, amma abin na ganɗata, sai ihun ya fito da muryar 'Yar Gwaggo, siriri yana rawa. Ƙananan yaran suka fashe da dariya suna tafi, sun zaci lokacin dukan Kura ne ya zo. Har yau in na rufe ido ina jin wannan dariyar. Bugu na biyu a fuska ya same ni ta cikin rigar. Haƙora suka zube mini a kan harshe, ɓallin ƙwaryar ya tsage ya wuce maƙogwaro yana yanka. Sandunan da suka riƙe rigar suka karye, ta rufto mini, na zama kamar akuya a buhu, ana duka ta ko'ina ba na ganin mai dukan. Sai na ji nauyi ya faɗo a kaina. Yaya ne, kansa a fashe, ya rarrafo ya kwanta bisa ni. Duk abin da aka sauke daga nan a bayansa ya sauka, ina jin kowane bugu yana ratsa jikinsa ya iso nawa. Wani ya zo da taɓarya zai sauke masa a ka, ya ɗaga hannun dama ya tare. Na ji ƙashin ya amsa kamar busasshen kara. A lokacin ne yaran suka daina dariya suka watse da kururuwa.

Aka janye shi, aka yage rigar. Wanda na fara gani tsaye a kaina, da gora a hannu, shi ne magidancin nan da ya shimfiɗa mana tabarma. Idanunsa sun yi ja sun faɗa.

"Tashi, maye," in ji shi. "Tashi ka sako man ɗiyata."

Na buɗe baki, jini ne kawai ya fito. Yaya ne ya yi magana daga inda yake kwance. "Wace ɗiya? Mi munka yi maka, bawan Allah? Ruwanka munka sha."

"Ruwana kunka sha, kunka kama kurwar ɗiyata. Na gani da idona sadda iccen ga yat taɓa mata huska. Wuyanta ya sandare, ba ta ci, ba ta sha, ba ta hwaɗin komi sai taho mu tahi, taho mu tahi. Wa ka kiran ta in ba ku ba?"

Wani ƙaninsa ya zazzage buhunmu a ƙasa. Suka sa gatari suka tsaga kan 'Yar Gwaggo biyu, wai su ga ko kurwar na ciki. Da ba su ga komai ba sai farin icce, suka ce ai na haɗiye ta. Aka tara 'yan tsanar duka da yagaggiyar rigar aka cinna musu wuta. Ni kuma suka tuɓe ni tsirara haihuwar uwata, suka kama ƙafafuna suka ja ni a ƙasa har gidan. Ƙasar ta yi zafin da take ɗaye fata. Matan da a da suke mana dariya ta saman danga yanzu su ne ke watso mini toka da duwatsu, wata tsohuwa ta bi ni tana caka mini muciya a haƙarƙari. Ban ga laifin tsoronsu ba ko a lokacin, kusan kowane gida akwai yaro kwance. Mai ɗa wawa ne, in ji mutanen da, amma ni ranar na ga cewa mai ɗa kwance ya fi wawa haɗari.

A al'adar wancan zamani, in an kama maye sai a sa shi ya tsallake mara lafiya tsirara, wai a nan yake sakin kurwar. An fito da yarinyar tsakar gida bisa tabarma. Ta rame, kanta ya lanƙwashe baya, leɓenta ya bushe ya tsage. Mutum biyu suka ɗaga ni tsaye don ƙafata ba ta ɗaukata, uban ya ɗora mini kaifin gatari a wuya ta baya. Na tsallaka, jinina na ɗiga a kan zanenta. Suka ce in sake, na sake. Sannan aka miƙo mini ƙoƙon ruwa aka ce in kurkure baki in zuba a ba ta ta sha. Ruwan ya koma ja wur, har da guntun haƙori a ciki. Uwar yarinyar ta dubi ƙoƙon ta sa hannu ta kifar da shi.

"Wanga ba shi shiga cikin ɗiyata," ta ce. Mijin ya ɗaga hannu kamar zai mare ta, sai ga mai gari ya shigo yana dogara sanda.

Tsoho ne ƙwarai, muryarsa ba ta da ƙarfi, amma aka yi shiru. "Ba a kashe mutum garina," ya ce. "Ku kai su zaurena. In ɗiya ta tashi, su kama hanya. In Allah ya yi nashi iko, alƙali na nan Jega." Kowa ya san in yarinyar ta cika ba za mu ga Jega ba, don samarin da suka raka mu zauren ba su koma gida ba, a ƙofar suka zauna da gorori bisa cinya.

A cikin zauren aka jefo mini tsumma na rufa. Hannun Yaya ya kumbura ya yi kamar gora, yatsun sun juya inda ba a halicce su su duba ba. Bai yi kuka ba, sai gumi. Ya jingina da bango ya dube ni.

"Ƙanena, roƙi Allah ta tashi."

Da ƙyar na tattaro murya, wadda tun ranar ba ta koma daidai ba. Na ce, "In ta tashi, cewa za su yi ni nis sake ta."

"Awo. In ta tashi, kai maye na har ka mutu. In ba ta tashi ba, mu duka biyu ba mu kai labari gida. Babu ta ukku."

Na tuna yadda ta ruga gida tana dariya. Na ce, "Ta tashi." Ba don wuyana kaɗai na faɗa ba, Allah shi ne shaida.

Ta tashi. Daga baya muka ji cewa uwar ce ta aika wa wanta, ya zo ya ɗauki yarinyar bisa jaki ya kai ta wurin masu allura a Jega, uban na so ko ba ya so. Muna zauren nan, ana turo mana tuwo da ƙafa, har labari ya zo cewa ta buɗe ido ta nemi kunu. Ba wanda ya ambaci allura. Cewa aka yi, kun gani, da ya sha wuya ai ya saki. Mai gari ya sa aka fitar da mu ta bayan gari, ya ba mu aron jaki, bai iya haɗa ido da mu ba.

Labarin ya riga mu isa gida. Yaran unguwarmu, waɗanda in na fito suke rataya a rigata suna roƙon in yi musu muryar Kura, yanzu da sun hango ni sai a fizge su cikin gida. Masu ɗan wayo su tsaya daga nesa su tofar da yawu su ce, "Kurwata kur, ka ci kanka ka sha baƙin ruwa." Bakunan da na koya wa waƙa ne ke faɗa mini haka. Dukan ya warke, wannan bai warke ba. Inna ta ce in yi haƙuri, bakin mutane kamar ruwan damina ne, yana zuba ya wuce. Bai wuce ba. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa a hannun Yaya, ƙashi ya haɗe amma yatsun suka ƙanƙance suka bushe. Ya rataye kalangu a ɗaki har ɓeraye suka cinye tsarkiyar, ya koma tufkar igiya, yana riƙe bakin da babban yatsan ƙafa yana murzawa da hagu. Ko sau ɗaya bai ce mini saboda kai ne ba. Ni kuwa na bar ƙauye na koma Jega, unguwar Firchin, na kama sayar da albasa, na auri mace daga nesa wadda ubanta ya ji zancen ya ce shirme ne. Amma ko a Jega akwai masu sani. Na koyi tafiya da hannuna a baya in na ratsa inda yara suke. Ban ƙara shafa kan ɗan wani ba, ban ƙara miƙa wa ɗan wani ko ƙuli-ƙuli ba, ko gizago ban ƙara riƙewa ba.

Shekaru suka tafi har furfura ta fara fito mini a gemu. Wata rana a kasuwa, rana tsaka, wata mata da goyo ta tsaya a gaban kasona ta daɗe ba ta taya ba. In na yi magana sai ta karkato da kai gefe guda, alamar kunne ɗaya ba ya ji.

"Baba, ba ka gane ni ba," ta ce. "Ni ta ɗiyar da anka sa ka tsallaka."

Na duba hagu da dama, na ga maƙwabtan rumfata sun bar abin da suke yi.

"Babana ya rasu," ta ce. "Ba ni yi maka ƙarya, har yam mutu bai ce ya yi kuskure ba. Amma Innata ta gaya man komi. Ciwo na, shi yat tahi da kunnena. Ba kai na ba."

Sai ta kwance majanyi, ta sauko da jaririn, ta miƙo mini shi a gaban kowa. "Riƙa man shi in zaɓi albasa."

Hannuna suna baya, sai da ta sake miƙowa sannan na kawo su. Yaron ya dube ni, ya cafki gemuna ya ja. Ita kuwa ta durƙusa tana zaɓe, ta ɗauki wannan ta juya ta ajiye, ta ɗauki waccan ta shinshina ta mayar, albasar da ba ta fi ta miya ɗaya ba. Ta ja lokaci har duk wanda ke layin nan ya gani, har mai tattasai na kusa da ni, wanda bai taɓa barin ɗansa ya zo rumfata ba, ya sunkuyar da kai yana gyara tarin da ba ya buƙatar gyara. Sannan ta karɓi ɗanta ta goya, ta ce in gai da wanda ya karye, ta tafi.

Ran nan ban jira kasuwa ta tashi ba, na hau mota zuwa ƙauye. Na tarar da Yaya a gindin iccen bedi da igiya a yatsan ƙafa. Na zauna na ba shi labari tun daga farko, bai katse ni ba, bai kuma daina murza ba. Da na gama ya daɗe yana duban hannunsa na dama da ke kwance bisa cinya.

"Ɗan da nauyi?" ya ce.

Na ce, "Da nauyi."

"To madalla," in ji shi, ya jawo wani zaren kaba ya ci gaba da tufka.